Gilashin da Ya Sha Turaren Wuta

Ranar Asabar da ta wuce ina zaune a falo ina goge kayan aikina, sai 'yata Ummi ta shigo da ƙawayenta biyu, sun taso daga Islamiyya. Ɗaya ta ɗaga kyamarata daga kan tebur, hannunta ya yi ƙasa.

"Kai, Mama! Wannan kyamara ce ko dutsen guga?"

Suka tuntsire da dariya. Ɗayar ta zaro waya ta ɗauke ni, kafin in gyara ɗankwali har ta juyo mini da fuskar wayar. Ga ni nan fara tas, fuska sumul kamar ta 'yar tsana, ko layin da ke tsakanin girata babu.

"Kin gani? Dannawa ɗaya. Mene ne abin wahala a hoto?"

Miya na kan wuta, ban tsaya ba ta amsa ba. Amma maganar ta bi ni har kicin, shi ya sa na zauna na rubuta wannan, don ita da ire-irenta masu ganin sana'ar nan danna maɓalli ce kawai.

Ni matar gida ce, karatuna a sakandare ya tsaya. A Karshi muke zaune, maigidana yana aiki a wata ma'aikatar tarayya a cikin gari. Aikina shi ne ɗaukar hoton mata a inda namiji ba ya shiga: suna, sa lalle, walimar sauka, ɗakin mai jego. Ba kullum nake fita ba. Wani satin sau ɗaya, wani satin ko sau ɗaya babu, kuma duk inda na je, kafin magariba ina gida.

Wanda ya koya mini shi ne Baba Lamidi, wani dattijon Bayarabe mai shagon hoto a bakin kasuwa, kusa da masu doya. Na kai Ummi ɗaukar fasfo na shiga firamare, muna jira ina kallon tsofaffin hotunan da ya manna a bango. Na nuna ɗaya na ce, "Baba, wannan matar kusa da taga ka zaunar da ita ko? Kuma da safe ne."

Ya sauke tabarau ya dube ni. "Wa ya gaya maka?" Baba bai san "ke" ba, kowa "kai" ne a wurinsa.

Na ce ba wanda ya gaya mini, hasken ne na ga ya kwanta a kunci ɗaya, kuma ba shi da zafi.

Ya ce, "Iya Ummi, kana da ido. Je ka tambayi oga, in ya yarda ka dawo."

Oga ya yarda. Talata da Alhamis, in na kai yara makaranta, sai in zauna a bencin ƙofar shagon har azahar. Wata guda cur Baba bai bar ni na ɗauki mutum ba. Ya shimfiɗa baƙin yadi a kan kujera, ya ɗora baƙar tukunyar ƙasa a kai, ya ce in ɗauka yadda za a ga tukunyar, a ga yadin, a kuma ga kaushin jikin tukunyar. In na ƙara haske, tukunya ta koma toka-toka. In na rage, komai ya haɗe ya zama duhu ɗaya. Sai da na yi sati uku kafin na gane ba yawan haske ake nema ba, inda yake fitowa ne. Ranar da na dace ya ce, "To, yanzu ka iya ɗaukan baƙin mutum. Rabin masu hoto a Abuja ba su iya ba." Daga nan ya koma da ni kan kaji. Kazar kasuwa ba ta tsayuwa, ni kuma dole in murza zoben gilashin gaban kyamara da hannu har idonta ya fito tar kafin in danna. Masu doya sun sha kallo, har suna suka sa mini, wai mai hoton kaji.

A hannunsa maigidana ya saya mini kyamarar nan. Tun a lokacin tsohuwa ce, wani mai ɗaukar hoton jarida ne ya yi ta aiki da ita har ya yi ritaya. Irin ta ƙwararru ce, ta dijital, amma ta farko-farko. Ba ta bidiyo, ba ta haɗuwa da waya, allon bayanta kuwa bai wuce akwatin ashana ba. Baba ya haɗa mini da lens guda uku na zamanin fim, waɗanda ni gilashi nake ce musu. Duk sun girme ni. Ƙarfe ne da gilashi zalla, ba waya ba batir a cikinsu. Da lambar da ke jikinsu muke kiransu: ashirin da takwas na ɗaukar ɗaki gaba ɗaya, hamsin na ganin abu yadda idon mutum ke gani, ɗari da biyar kuma na fuska ne.

Bari in gaya muku abin da dutsen gugan nan ke yi. Farantin da ke karɓar haske a cikinta faɗi ne da shi, daidai da fim ɗin da, shi ya sa tsofaffin gilasan suka zauna mata kamar don ita aka yi su. A ɗakin mai jego, inda labule ke sauke kuma ba a son a haska wa jariri ido, nakan ɗaga gefen labule kaɗan, in buɗe hamsin har ƙarshe, shi ke nan. Uwa da ɗa su fito sarai, tulin kayan wanki da ke bayansu ya narke ya zama launi kawai. Fata kuma takan fito da kalarta. Baƙa ta fito baƙa mai sheƙi, wankan tarwaɗa ta fito wankan tarwaɗa. Jan lalle ya fito ja mai duhu, ba ruwan lemo ba. Kyamarar ba ta da ra'ayi a kan fuskar kowa. Waya kuwa tun kafin ki gani ta riga ta yanke shawarar yadda ya kamata ki kasance.

Batirinta yakan yi mini biki biyu. Ta taɓa faɗowa daga kan okada a hanyar Orozo, ta bugi kwalta, fentin kusurwa ɗaya ya tashi, na ɗauka na yi bismillah na danna, ta amsa. Ƙarar dannawarta ma aiki take yi mini: in mata suka ji "kas" sai kowa ta nutsu, ta san an ɗauka da gaske.

Amma abin da ya fi kawo mini aiki shi ne abin da kuke yi wa dariya, wato ba ta iya tura komai ko'ina. A wata walima a Gwarimpa uwar gida ta tsaya a ƙofa da kwando tana karɓar wayar kowa, don matan za su cire mayafi su sake. Ni kaɗai aka bari da abin ɗauka. Da aka tashi na zare katin da hotunan ke ciki na miƙa mata a hannu. Haka nake yi har yau. Katin gidan da na yi wa aiki nasu ne, mu zauna tare mu zaɓa, wanda za a wanke a wanke, sauran a goge a gabansu. Mace ba za ta kwanta tana tunanin ko gashinta na yawo a wayar wani ba.

To, ga shekarar da na kusa rabuwa da ita.

Damina ce mai ruwa sosai, bangon ɗakinmu har gumi yake yi. Baba ya gargaɗe ni cewa danshi na sa fumfuna ta tsiro a cikin gilashi, in ta kama kuwa ta ci shi. Ya ce abu biyu: in ajiye su a wuri busasshe, kuma kada in bar su a toshe cikin jaka, su riƙa shan iska. Na zagaya gidana ina neman wurin da ya fi ko'ina bushewa, na ga ai durowar kayana ce. Duk Juma'a nakan sa garwashi a kasko, in zuba turaren wuta, in tura shi ƙasan durowar in rufe, kaya su kama ƙamshi. Wuri mai ɗumi, ba danshi ko kaɗan. Na share saman shiryayye, na jera gilasaina uku, na cire musu murfi gaba da baya don su sha iska kamar yadda aka ce. Kyamarar ita kaɗai ta tsira, don ba ta shiga wurin ba, tana cikin akwatin takardun maigida.

Duk macen da ta taɓa haɗa turaren wuta ta san da sukari da man turare a cikinsa. Na sani sarai, da hannuna nake haɗawa. Ban dai taɓa kawo wa raina cewa hayaƙin da ke kama atamfa zai kama gilashi ba.

Abin bai zo rana ɗaya ba. A hankali hotunana suka fara yin laushi, haske ya riƙa yin wani farin rawani a kan fuskoki. Na goge gaban gilashi, na goge bayansa, ban ga komai ba. Abin da ya rufe mini ido kuwa yabo ne. Amare suka ce, "Anti, hotonki yanzu kamar a mafarki! Wace filta kike sawa?" Na ji daɗi, na ɗauka hannuna ne ya ƙara faɗawa. Waɗanda suka san abin da suke nema su ne suka janye shiru. Telar da nake ɗaukar mata ɗinki ta ce aikin zare ba ya fita, ta daina kira. Mai zanen lalle ta ce furanninta sun zama kamar an zuba musu ruwa. Aiki ya ragu har na yi wata biyu ban fita ba. Na ɗora laifin a kan tsufan kyamara. Har na je wani shagon kayan hoto a Wuse, mai shagon ya juya ta, ya taɓe baki, ya ce in bar ta da gilasan duka, in cika kuɗi ya ba ni sabuwa ta roba mai saita kanta. Na ce zan yi shawara.

A cikin satin shawarar ne Hajiya Balki ta kira ni. Na taɓa yi mata hoton suna. Mijinta likitan kimiyya ne a cibiyar bincike da ke Sheda, can bayan Gwagwalada, a nan gidajen ma'aikata suke zaune. Ta ce surukarta, Inna Kulu, ta zo daga ƙasar Gobir an yi mata aikin yanar ido. Shekaru tana ganin duniya dishi-dishi, yanzu ido ɗaya ya buɗe. Ranar da aka cire bandeji jikoki suka yi ta ɗaukarta a waya, suka nuna mata. Inna Bagobira ce mai tsage, daga gefen baki har kunne, kunci biyu. A wayar babu ko ɗaya. Ta ce, "Wace ce wagga? Ina kunka kai tsagena?" Tun daga ranar in ta ga an ɗaga waya sai ta ja mayafi ta rufe fuska.

Hajiya Balki ta ce, "Ranar Asabar za ta koma gida, kuma ta rantse ta gama zuwa Abuja. Dakta ba shi da hotonta ko ɗaya na kirki. Da ƙyar ta yarda za ta zauna sau ɗaya, don na ce mata taki kyamarar ba ta ƙarya."

Na ce in sha Allahu ba ta yi.

Litinin da sassafe na kama hanya. Daga Karshi zuwa Sheda tafiya ce: Nyanya, cikin gari, Giri, Gwagwalada, mota huɗu. Na tarar da Inna a kan darduma, 'yar tsohuwa siririya, da carbi a hannu. Na durƙusa na gaishe ta. Ta dubi jakata.

"Ke ce mai gaskiyar?"

"Ni ce mai hoton, Inna."

"To, mu gani. Sau guda na ce. Ni ba amarya ba ce da za a yi ta jujjuya ni."

Na zaunar da ita gefen taga yadda haske zai zo daga gefe ya kwanta a cikin kowane tsagi. Na ɗaura ɗari da biyar, na murza har idon da aka yi wa aiki ya fito, na yi bismillah. Sau biyar na danna ta ɗaga hannu, ta ce ya isa. Na duba a ɗan allon bayan kyamara na ga kamar lafiya. A allo mai girman akwatin ashana komai lafiya yake.

Talata, da izinin Hajiya Balki, na kai katin wurin wankin hoto, aka buɗe a babbar kwamfuta. Fuskar Inna ta fito kamar ana hangenta ta gilashin tagar kicin bayan an yi suya. Ido na nan, hanci na nan, tsagen kuwa sun narke cikin farin hasken, sai alama-alama. Abin da waya ta yi mata, shi na yi mata, ni da aka ce ba na ƙarya.

Mai kwamfutar ya ce, "Madam, ba matsala. Zan zana mata su, minti goma. Guda nawa kike so?"

Na ce ya rufe, ya ba ni katina.

Laraba na kwashi komai na kai wa Baba Lamidi. Na ce, "Baba, kyamarar nan ta mutu. Zan ba da ita."

Ya cire gilashina ya ɗaura wani nasa, ya ɗauki mai doya da ke ƙetare, ya nuna mini. Har ƙasar da ke jikin doyar ana gani. Ya ce, "Kyamara lafiya." Sannan ya ɗauki ɗari da biyar, ya buɗe shi, ya haska tocila ta baya ya leƙa ta gaba. Ya daɗe. Can sai na ga ya kai shi hanci. Ya shinshina, ya sake shinshinawa, ya sauke tabarau.

"Iya Ummi. Wannan gilashi zai je gidan miji ne?"

"Kamar yaya, Baba?"

"Yana ƙamshi kamar amarya! A ina ka ajiye?"

Na gaya masa. Ya yi dariya har da tari, sai da ya riƙe tebur. "Na ce wuri busasshe, ka kai shi gidan hayaƙi! Na ce ya sha iska, ka ba shi turare! Shekara arba'in ina gyara, na ga fumfuna, na ga yashi, na ga manja. Yau na ga gilashi mai kwalliya."

Ya ba ni tocilar na leƙa. A can ciki, inda tsumma ba ya kaiwa, wani siririn maiƙo ya lulluɓe gilashin kamar man da ke taruwa a murfin tukunya. Baba ya ce duk sanda aka murza zobe gilashi na numfashi, yana jan iskar da ke kusa, ga shi kuma na bar su a buɗe wata da watanni.

A nan na ga amfanin tsohon abu da idona. Ya shimfiɗa farin ƙyalle, ya ɗauko wani ƙarfe mai baki biyu, ya kwance zoben gaba. Gilasan ciki suka fito ɗaya bayan ɗaya, yana jera su bi da bi, yana ɗiga alama a gefen kowanne don kada ya juya shi wurin mayarwa. Ya goge kowanne da auduga da ruwan gyara, audugar na fitowa ruwan ƙasa-ƙasa. Yana yi yana cewa, "Wannan mutum ya haɗa da sukuru, mutum zai kwance. Sabon da za su ba ka a Wuse, gam ne da waya a ciki. In ya sha turare, sai bola." Kafin la'asar ya gama ɗari da biyar, ya ce sauran biyun in dawo musu wani sati.

Na ba shi labarin Inna. Da ya ji Bagobira ce sai ya gyara zama, don tsakanin Yarabawa da Gobirawa akwai wasa. "Ah! Baiwata ce! Ka gaya mata ubangidanta Lamidi ya ce ta zauna a sake. In ta ƙi, zan zo da kaina in karɓi haraji."

Na kira Hajiya Balki na gaya mata gaskiya. Ta ce, "Mu ce mata katin ne ya lalace mana." Na ce a'a, matar da aka kira ni don ba na ƙarya, ba zan koma mata da ƙarya ba. Na sa aka wanke mini lalataccen hoton ƙarami, na tafi da shi.

Alhamis na sake hawa mota huɗu. Inna na ganina ta ce, "Ina hoton?"

Na miƙa mata. Ta kai shi kusa da idon mai gani, ta daɗe tana dubawa, ta ajiye a kan darduma.

"Ke ma kin goge ni."

"Na goge ki, Inna. Amma ba da niyya ba, kuma ba laifin kyamara ba ne. Laifina ne." Na kwashe labarin durowa da kasko na gaya mata, ban rage komai ba.

Ta dube ni. "Turaren wuta kika yi wa madubin?"

"Wata biyar, Inna. Duk Juma'a."

Kafaɗunta suka fara rawa. Ta rufe baki da gefen mayafi, dariya ta ƙi ɓoyuwa. "Balki! Zo ki ji! Wagga ɗiya ƙarfe taka yi wa gyaran amare!" Sai da ta share ido ta ce, "Wane iri kika sa mishi? Mai sandal?"

"Da hawi, Inna."

"To, ai kin kyauta mishi."

Na ga ƙofa ta buɗe, na isar da saƙon Baba Lamidi kamar yadda ya faɗa. Ta miƙe zaune. "Bayarabe? Shi ya gyara? To lalle sai na duba aikin, bawa ba a sakar mishi aiki ba a duba ba. Ɗauko mini farin mayafina."

Ta zauna a gefen tagar nan. Wannan karon da na leƙa, sai na ga kamar an wanke mini ido ni ma. Kowane tsagi da inuwarsa. Na murza a hankali, na yi bismillah, na danna. Ba ta ɗaga hannu ba sai da na yi goma sha biyu. Kafin in bar gidan na roƙi Hajiya Balki ta buɗe katin a kwamfutar Dakta, muka gani a babban allo. Tun daga ranar ban sake yarda da akwatin ashana ba.

Juma'a na wanke shi babba, aka sa a firam. Asabar da hantsi na isa Sheda, an riga an fara loda kaya a mota. Inna na zaune a falo cikin shirin tafiya. Na cire takardar da na naɗe shi na ɗora mata a cinya.

Ta sa yatsa a kan gilashin firam ɗin, daga gefen baki ta bi tsagi na farko har kunne. Ta dawo ta bi na biyu. Tana bi tana motsa leɓe. Bakwai a kunci ɗaya. Ta koma ɗayan, shida. Sannan ta ɗaga hannun ta shafa nata kuncin.

"Sun cika," in ji ta.

Dakta na tsaye a bayanta ya ce, "Inna, yanzu kin ga kanki?"

Ta girgiza kai, idonta na kan hoton. "Ba ni na gani ba. Wagga uwata ce. Haka take sak shekarar da ta rasu. Wanzami guda ya yi muna, da aska guda." Ta ɗago ta dubi ɗanta. "Ba ka san ta ba, ba a taɓa yi mata hoto ba. To, ga ta."

Dakta ya durƙusa kusa da ita yana kallo. Ni dai na sunkuyar da kai ina gyara igiyar jakata.

Da ma don Dakta aka yi hoton, amma Inna ta rungume shi ta ce da shi za ta tafi, in yana so a wanke masa nasa. Ta ce a ƙara ɗaya na ƙanwarta. Sannan ta ce Hajiya Balki ta kawo kasko, ba za ta sa uwarta cikin akwati ba ƙamshi ba. Aka kawo garwashi, aka zuba turare. Har ta ɗaga firam ɗin za ta kara a hayaƙin, sai ta tsaya ta dube ni ta gefen ido.

"Mai hoto, shi ma yana ɓaci?"

Na ce, "Turara abinki, Inna. Wannan ta waje ake goge shi."

Ban koma shagon Wuse ba. Telar nan ta dawo, mai lalle ma ta dawo. Amare biyu sun yi mini ƙorafi wai hotona ya daina yin mafarki, na ba su haƙuri. Gilasaina yanzu a cikin robar abinci mai murfi suke kwana, tare da 'yan ƙullin nan masu shan danshi da ke zuwa a kwalin takalmi, nesa da durowa. Baba Lamidi ya bar shago, ido ya yi rauni, amma ya koya mini kwance hamsin da kaina kafin ya tafi.

Ke kuma mai cewa dutsen guga, in kin sake zuwa ki ce Ummi ta miƙo miki ɗari da biyar. Ki kai zobensa hanci ki shinshina. Har yau da saura.